Tebur na Bakwai

Talata ce, bayan La'asar,
rana ta gasa titin gidan zu har kwalta na danƙo.
Na tura ƙofar gilashin da gwiwar hannu,
Nu'aimu a kafaɗa, jaka na jan ɗaya hannun.
Tebur na bakwai, jikin taga.
Na ce a kawo shayi da madara,
dubu uku, ban nemi ragi ba.

Shi kuwa lissafinsa daban.
Wata huɗu gare shi, bai san agogo ba,
bai san wurin manya ba,
bai san "bari mu isa gida" ba.
Ya goga fuska a ƙirjina, ya ɓare baki.
Na ja mayafi, na ba shi.
Kuka ya ɗauke. Sai ƙwat, ƙwat, yana haɗiya,
ƙafa guda ta leƙo waje tana rawa.

Sai ga yaro, farar riga a goge,
an liƙa Zahraddin a aljihunsa.
Ya sunkuyo, murya can ƙasa:
"Hajiya, manaja ne ya ce... baƙi na gani.
Akwai banɗaki ta baya, da tsabtarsa."

Banɗaki.
Na dubi kofin da ya dire mini.
Madarar saniyar da ban san garinsu ba,
ta hau jirgin ruwa, ta shekara a gwangwani,
an juye ta a tangaran, an zana mata fure a ka.
Ita tana da tebur.
Nawa, mai ɗumi, da aka dafa don bakin nan kaɗai,
shi za a raka gefen masai.

Zahraddin, ɗauki farantin kazar can,
ka bi mai babbar rigar da shi banɗaki.
In ya suɗe hannu ya fito,
ka zo ka kira ni.

Kakata Tasalla ta dama fura a Ƙofar Wambai,
ludayi a dama, uwata a hagu,
malamai na wucewa da carbi,
ba wanda ya ce ta zubar wa kasuwa da mutunci.
A adaidaita mata kan matsa mini,
"Ba shi mana, baiwar Allah, kina jin sa."
A layin awo haka, a tashar Unguwa Uku haka.
Sai nan, da aka rataya fitilu kamar gidan biki,
yunwar jinjiri ta koma abin kunya?

Wanda idonsa ya ƙi zama cikin kofinsa,
ya kama shi ya mai da.
An umarce shi da haka
tun kafin a haƙa harsashin ginin nan.
Kuma duk gemun da ke ɗakin,
da mai makullin mota, da mai latsa waya,
da manajan da ya laɓe bayan kanta,
ta nan kuka fara cin abinci,
ba a taɓa miƙo muku takardar kuɗi ba.

Ban tashi ba.
Hannuna na rawa, ba zan ɓoye ba,
shayin ya huce, ya yi yana a sama.
Nu'aimu ya saki don kansa, ya yi gyatsa
wadda tebur na uku ma sun ji.

Ran Asabar na dawo.
Da Rumasa'u mai ɗinki, da Turai malamar lissafi,
da Binto da tagwayenta, ɗaya dama ɗaya hagu,
mu goma sha ɗaya, 'ya'ya sha biyu.
Ba allo, ba ihu.
Muka ja kujeru, kowa ta biya shayinta,
muka ja mayafai.
Ɗakin ya yi tsit, sai ƙwat, ƙwat, ƙwat.

Manaja ya fito, ya ƙirga mu da ido,
ya buɗe baki, ya rasa inda zai ajiye maganar,
ya koma.

Zahraddin ne ya zo da tire,
kofunan ruwa sha ɗaya, ba wadda ta tambaya.
Bai ɗago kai ba ya ce:
"Innata ta ce mai shayarwa ba ta rabo da ƙishi."